Tsohuwar libarba: yadda za ka zaɓa, ka kula da ita, ka harba ba tare da ka kashe mata daraja ba

Jama'a abin da ya fi lalata tsofaffin libarba ba harbi ba ne, kuma ba shekaru ba ne, hannun mai su ne. Mutum ya samu bindigar da ta shekara tamanin tana nan garau, sai ya ɗauko sanfefa wai zai goge ta ta yi ƙyalli, ko ya ɗura mata harsashin zamani mai zafi wanda ba don ita aka yi ba, cikin wata guda ya gama da abin da mutum uku kafin shi suka adana. Shi ya sa duk bayanin nan a kan sassauta hannu zai tsaya, tun daga saye har harbi.

Mataki na farko: doka, kuma ba wasa

Kafin ka fara ko kallon hotuna ka san me dokar ƙasar da kake ta ce, don bindiga ba agogo ba ce da za ka saya ka jefa a durowa, kuma tsufanta ba ya fitar da ita daga hukunci sai in doka ce ta fitar. A Amurka dokar tarayya tana ɗaukar wadda aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin kayan tarihi, sannan wadda ta haura shekara 50 tana shiga rukunin da masu tarawa ke da lasisinsu na daban, amma kowace jiha tana da nata ƙarin sharuɗan. A Birtaniya kuwa tun 1997 aka hana mutane riƙe yawancin ƙananan bindigogi bayan kisan da aka yi a makarantar Dunblane a 1996, abin da ya rage shi ne irin waɗanda ake ɗurawa albarushi ta gaba da kuma tsofaffin da harsashinsu ya ɓace a kasuwa, su ma ɗin a 2021 an ƙara matse sharaɗinsu. Wasu ƙasashen kuma ƙaramar bindiga gaba ɗaya haramun ce ga farar hula, ko ta kakan kakanka ce. In haka ne a wajenka toh shikenan, ka tsaya a karatu da gidan tarihi, babu wata libarba a duniya da ta kai ka kwana a kurkuku saboda ita. In kuma an halatta, ka saya ta hannun dila mai lasisi, da takarda da rasit, ka kuma tanadi sef mai makulli tun kafin ta iso.

Mataki na biyu: ka zaɓi layi ɗaya

Fagen nan faɗi ne da shi. Samuel Colt ya samu haƙƙin ƙirarsa a 1836, daga nan aka yi ta fitar da masu albarushi irin su 1851 Navy da 1860 Army, sai Single Action Army ta 1873 wadda kowa ya sani a finafinan kaboyi, yaƙin duniya na biyu ya tsayar da ƙera ta aka dawo da ita a 1956. Smith & Wesson sun fito da Military & Police a 1899, wadda daga 1957 aka koma kiranta Model 10, an ƙera sama da miliyan shida, sai .357 Magnum a 1935, sai Colt Python a 1955. Ta ɓangaren Turai akwai Webley ta sojan Ingila, Mark VI ɗinta ta 1915, da Nagant ta Rasha ta 1895 mai cin harsashi bakwai wadda silindarta, wato gangar nan mai juyawa da ake ɗura wa harsasai, ke matsowa gaba ta rufe giɓin da ke tsakaninta da bututu lokacin harbi.

In ka ce duk za ka bi, kuɗinka zai ƙare ka tara tarkace. Ka ɗauki layi ɗaya, ko kamfani ɗaya, ko zamani ɗaya, ko bindigogin soja kawai. Ni dai a ganina sabon shiga ya fara da Model 10 ko wata 'yar'uwarta mai cin .38 Special, don suna da yawa, kayan gyaransu na samuwa, maƙeran da suka iya su ba sa wahalar samu, harsashinsu kuma ba ya dukan hannu. Python kyakkyawa ce ba musu, amma injin cikin tsofaffin Colt aikin hannu ne mai laushi kuma waɗanda suka iya saita shi sun yi ƙaranci sosai, in ta samu matsala za ka sha jira. Kuma tun yanzu ka raba a ranka, wannan ta ajiya ce ko ta harbi? Wadda rininta ya ɗan goge amma injinta lafiya lau ita ce ta harbi, kuma ta fi sauƙin kuɗi. Wadda ke cikin kwalinta na asali ba a taɓa harba ta ba, duk juyin silinda ɗaya yana rage mata wani abu.

Mataki na uku: dubawa kafin ka biya, nan ne aikin yake

Ka tafi da ɗan tocila, da fila geji irin na makanikai, da gilashin ƙara girma in kana da shi. Da an miƙo maka ita abu na farko ka buɗe silinda da kanka ka leƙa kowane rami ka tabbatar babu harsashi, ko da mai ita ya rantse maka cewa ba komai, kuma bakinta kar ya kalli kowa. Ta Smith & Wesson ana tura maɓallin buɗewa gaba, ta Colt ana jan shi baya, ta Ruger ana danna shi ciki, Webley kuma karyewa take ta sama. Irin su Single Action Army silindarsu ba ta fitowa gefe, wata 'yar ƙofa ce a dama za ka buɗe ka ɗan ja hama, wato ƙarfen baya da ke dukan harsashi, zuwa rabi ka juya ka duba ramukan ɗaya bayan ɗaya. Sannan ka nemi izini kafin ka taɓa hama ko kunama, ladabi ne kuma wasu masu kayan ba sa so.

Sai taimin, wato daidaituwar juyin silinda da jan hama. Ka ja hama baya a hankali, a hankali sosai, kana saurare. Akwai ɗan ƙarfen da ke fitowa daga ƙasan firam, wato gangar jikin bindigar, ya shiga tsagin silinda ya kulle ta, dole ka ji ƙaras ɗinsa kafin hama ta kai ƙarshe ta tsaya. In hama ta tsaya sannan ka taɓa silinda da yatsa ka ji ta ƙara matsawa kafin ta kulle, taimin ya goce, ma'ana harsashi zai iya tashi ramin bai daidaita da bututu ba, ya aske dalma ya watso ta gefe. Ka yi wannan a kowane rami, duk shidan, don sau da yawa biyar lafiya ɗaya ne mai matsala. Kar ka ja da sauri, saurin yana wurga silinda ta kulle da kanta ta ɓoye maka laifin, wasu masu sayarwa sun san haka shi ya sa za ka ga suna fizgar hama a gabanka.

Daga nan ka ɗana hama, ka riƙe ta da babban yatsa, ka ja kunama ka sauke hamar a hankali, kar ka saki kunamar. A wannan halin bindiga take a daidai lokacin da harsashi ke tashi. Ka girgiza silinda hagu da dama. Tsohuwar Colt mai dabul akshin, wato wadda jan kunama kaɗai ke ɗana hama ya harba, in lafiyarta ƙalau ko motsi ba za ta yi ba, Smith & Wesson kuwa an yi ta da ɗan wasa kaɗan, wannan ba laifi ba ne. Sai ka tura silindar gaba da baya, in kana jin ƙwas ƙwas har ido na gani, ta sha harsashi mai zafi. Ka zura fila geji tsakanin fuskar silinda da gindin bututu, abin da ake so wajen inci 0.004 zuwa 0.008 ne, kusan milimita 0.1 zuwa 0.2 kenan, in ya matse da yawa datti zai riƙa cije ta, in ya buɗe da yawa wuta da ƙarfi na zubewa. Wani gwajin kuma, ka ɗana hama ka ɗan tura ta gaba da yatsa ba da ƙarfi ba, ba tare da ka taɓa kunama ba. In ta faɗi, wani ya taɓa goge haƙoran ciki wai don kunama ta yi laushi, wannan bindiga ce mai hatsari, ka ajiye ta ka yi gaba.

Yanzu bututu. Ka sa farar takarda ko farcenka a gindinsa ka haska tocila a kai ka leƙa ta baki. Zaren ciki ya fito da kaifi, ɗan duhu ko ƙananan ramukan tsatsa a bindigar zamanin albarushi ba abin mamaki ba ne kuma da yawa suna harbi daidai a haka. Abin gudu shi ne baƙin zobe a tsakiyar bututu, alamar an taɓa harba harsashi a bayan wani da ya maƙale, ka shafa yatsu biyu a waje za ka ji ɗan kumburi. Ka duba maƙogwaron bututu, inda harsashi ke shiga daga silinda, musamman a Model 19 ta Smith & Wesson da 'yan'uwanta, don an shafe ƙasan wurin ya yi siriri kuma an san shi da tsagewa in an yawaita masa magnum mai ƙaramar dalma giren 125 (giren ma'aunin nauyin dalma ne). Tsagar siririya ce kamar gashi, sai da gilashi. Ka leƙa ƙarfen firam da ke saman giɓin, ɗan layin da wuta ta ci ba komai ba ne, amma zurfinsa na gaya maka yawan magnum ɗin da ta sha. Ka buɗe silinda ka juya ta kana kallon sandar fitar da kwanso, in tana rawa ta lanƙwashe. Ka rufe ka dubi bindigar ta gaba inda hannun silinda ya haɗu da firam, layin ya zama a manne, in akwai giɓi an sha wurga silindar ana rufewa da fizgar hannu irin na fim.

Ta asali ce ko an sake mata rini?

Wannan ne ke raba farashi gida biyu, wani lokacin fiye. Libarbar da rininta na kamfani ya goge rabi ta fi wadda aka sake rinawa tana walƙiya daraja a wajen masu tarawa, sabon shiga kuma ƙyallin ne ke jan shi. Kafin a sake rini sai an goge ƙarfe, gugar kuma tana barin shaida: rubutu da tambarin kamfani su yi laushi kamar sun narke, gefunan da ya kamata su yi kaifi su zama kumbo, bakin ramin sukuru ya lotsa, layin marfin gefe da firam wanda a kamfani da ƙyar ake ganinsa ya buɗe ya zama kwari. In ka ga ramin tsatsa amma rini ya rufe cikinsa, an rina bayan tsatsar kenan. Hama da kunamar tsofaffin Smith & Wesson launin ƙonannen ƙarfe ne mai ɗigo-ɗigo, in ka gan su baƙi wul ko an yi musu nikel to an taɓa.

Lambobi ma ka bi su. A Smith & Wesson lambar siriyal ta gaskiya tana gindin ƙota, lambar da ke cikin hannun silinda a tsofaffin sau da yawa ta haɗa kaya ce a kamfani, mutane na rikita su har a takarda. A tsofaffin za ka samu siriyal ɗin a bayan silinda da ƙasan bututu, har cikin katakon ƙota na dama ana rubuta ta. Daga 1957 lambar model tana cikin firam in ka buɗe silinda, da 'yar lamba bayan karan ɗori kamar 10-5 ko 19-3 mai nuna canjin ƙira. Masu tarawa suna son waɗanda aka yi kafin 1982 masu 'yar ƙusa a gindin bututu. In bindigar mai tsada ce ka nemi wasiƙar kamfani, Colt suna da ma'ajiyar tarihinsu, ɓangaren Smith & Wesson ma akwai gidauniyar tarihi mai bayarwa, za a gaya maka ranar da ta fita da inda aka aika ta da tsawon bututu da irin rininta. Labarin baka kuwa, wai ta wani janar ce ko wani shahararren ɗan sanda, in ba takarda kar ka ƙara ko sisi a kai. Wadda aka goge ko aka taɓa siriyal ɗinta kuma ko kyauta ce kar ka karɓa, laifi ne babba.

Mataki na huɗu: ta zo gida, ka riƙe hannunka

Abin da za ka fara saya shi ne sukundireba ta maƙeran bindiga, mai baki a miƙe wanda ke cika tsagin sukuru daidai. Ta gida bakinta a karkace yake, tana zamewa ta yage kan sukuru ta karce rini, kuma yagaggen sukuru shi ne abin da mai saye ke fara gani. Ka cire katakon ƙota a hankali ka duba ƙarƙashi, nan gumi ke taruwa tsatsa ta yi gida ba wanda ya sani. Marfin gefe kuwa gaskiya in ba ka san aikin ba ka bar wa maƙeri. In dole ne, ba a ɓamɓare shi da ƙarfe, ana cire sukurori a jera su yadda suke don ba duka ɗaya ba ne, sai a riƙa bubbuga ƙarfen ƙota da icen guduma har marfin ya taso da kansa.

Wankin yau da kullum ba wuya. Burushin tagulla daidai girman bututu, sanda mai rufi ko ta tagulla, tsumma mai tsabta, da ruwan wanki irin su Hoppe's No. 9 ko Ballistol, dukkansu sun haura shekara ɗari ana amfani da su. Tunda libarba ta baki ake wanke ta, ka kiyaye bakin bututun kar sanda ta riƙa gogarsa, don nan ne harsashi ke rabuwa da bindiga kuma ƙaramin rauni a wurin yana ɓata saiti, ka kuma sa tsumma a bayan firam kar sanda ta riƙa dukansa. Kowane ramin silinda a wanke shi daban. In ana harba .38 Special a cikin ta .357 wani zoben datti na taruwa a ramin saboda kwanson ya fi gajarta, in ba a cire ba ranar da aka sa dogon zai ƙi shiga ko ya ƙi fita. Ƙarƙashin tauraron da ke turo kwanso waje a bar shi a bushe, mai a wurin yana kama ƙwayar albarushi, ƙwaya ɗaya tak ta isa ta hana silinda rufuwa. Baƙin zoben da ke fuskar silinda ka ƙyale shi, ba ya cutarwa, masu dirje shi da tsumman cire dalma rinin suke cirewa. Mai kuma ɗigo ne, a hannun silinda, a gefen hama, a sandar tsakiya, ba wanka ba.

Mai farin nikel ta fi son lallashi, kar ka bar ruwan wanki mai amoniya ya kwana a kanta, in akwai 'yar tsaga ko shimfiɗar tagulla a ƙasa zai shiga ya sa nikel ɗin ya fara ɓarewa, ka shafa ka goge nan take. In ka tarar da jar tsatsa mai rai, ka jiƙa ta da mai ta kwana, sai ka bi ta a hankali da audugar tagulla mai laushi, ka tsaya da zarar jan ya tafi. Launin ƙasa-ƙasa mai santsi da tsohon ƙarfe ke yi kuwa ba tsatsa ba ce, shekarunta ne, masu saye kuɗi suke biya a kansa, dan Allah kar a goge.

Ajiya: abokin gaba shi ne laima. Gidajen tarihi suna neman laimar iska wajen kashi 50 cikin ɗari da zafin da ba ya hawa da sauka, ƙasa da haka sosai katako da hauren ƙota su tsage, sama da haka ƙarfe ya yi tsatsa. Ka sa 'yar na'urar auna laima a sef da buhunan silika ko sandar ɗumama sef. Kar a bar ta cikin kuben fata, fata na jan ruwa kuma sinadarin jima na cin rini, haka akwatin soso. Wadda za ta daɗe a ajiye a shafa mata kakin Renaissance, wanda aka haɗa a ɗakin binciken gidan tarihin Birtaniya, siriri a goge. Duk sanda hannu ya taɓa ƙarfe a bi da tsumma mai ɗan mai, gumin wasu mutanen kwana biyu ya isa ya bar hoton yatsa har abada. Harsasai a kulle su daban, makulli kuma inda yara ba su sani ba.

Mataki na biyar: harsashin da ya dace da shekarunta

Nan ne ake fasa bindiga a rasa yatsu, saboda haka a karanta da kyau. Shigar harsashi cikin rami ba ya nufin nata ne. Colt ba su ba da tabbacin Single Action Army ga albarushin zamani marar hayaƙi ba sai 1900, wajen siriyal 192,000, duk wadda ta girmi haka baƙin albarushi kawai, in ma za a harba ta. Smith & Wesson da kansu sun ce kar a sa +P, wato harsashi mai ƙarin matsi, a matsakaitan libarbansu da aka yi kafin 1958, wato waɗanda ba su da lambar model. Ka duba bambancin matsi: .38 Special iyakarsa psi 17,000, +P 20,000, .357 Magnum 35,000, ninki biyun na farkon kenan. Tsofaffin Colt na soja masu cin .38 Long Colt wasu raminsu a buɗe yake har ƙarshe, .38 Special zai shige har .357 ma zai iya shigewa, kuma tarwatsewa za ta yi. Haka .38 S&W da .38 Special ba ɗaya ba ne, na farkon ya fi gajarta ya fi kauri, kuma bayan yaƙin duniya na biyu an ƙwaƙule ramukan libarban Ingila da yawa don su ci Special, sai ka ga kwanso na kumbura yana tsagewa. Webley Mark VI ma da yawa an aske bayan silindarsu a Amurka don su ci .45 ACP, alhali matsin wannan harsashin ya wuce abin da aka gina ta a kai nesa ba kusa ba, ka duba lambar da ke jikin silinda in an yanke mata ƙasa to an aske. Saboda irin waɗannan, duk tsohuwar da ka saya ka kai wa ƙwararren maƙeri ya auna ta kafin harbin farko.

Ga mai .38 Special, dalma zalla giren 158 mai matsakaicin gudu ita ce abincinta, da ita aka saita yawancin masu saitin da ba ya motsi, ko mai shafaffen kai giren 148 ta harbin takarda, mai laushi ƙwarai. In ka sa mai sauƙin nauyi mai gudu za ka ga tana bugawa ƙasa, don ta fice kafin bakin bindiga ya ɗaga, ba laifin bindigar ba ne, kar ka ɗauko zarto ka rage saitin gaba. Harsashin da wani ya ɗura a gida wanda ba ka san shi ba kuma kar ya shiga bindigarka.

Mataki na shida: filin harbi

A filin da hukuma ta amince da shi, da tabarau da abin toshe kunne, ƙarar libarba ta haura desibel 150 kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Ka ɗauke ta a matsayin mai harsashi koyaushe, baki na kallon inda ba kowa, yatsa a wajen kunama sai ka yi saiti, ka kuma san abin da ke bayan abin da kake harbi.

Tsofaffin singul akshin, wato waɗanda sai an ɗana hama da hannu kafin a harba, irin su Single Action Army da Ruger na kafin 1973 biyar ake ɗura musu ba shida ba, don hama na zaune ne kai tsaye a kan harsashi, in ta faɗi ƙasa za ta tashi. Yadda ake yi: ka sa ɗaya, ka tsallake rami ɗaya, ka sa huɗu, ka ja hama har ƙarshe ka sauke ta a hankali, za ta sauka a ramin da ba komai. Tsofaffin Smith & Wesson na kafin 1945 ma a yi musu haka, don sai bayan wata ta faɗi a jirgin ruwan sojan Amurka ta kashe wani sojan ruwa aka canja ƙarfen da ke tare hama.

Riƙo ya zama sama sosai a ƙota, hannu biyu, amma babban yatsan hannun taimako kar ya wuce gaban silinda, wutar da ke fita ta giɓin nan a magnum tana yanka nama. Ka fara a mita bakwai zuwa goma kana ɗana hama da hannu, idonka a saitin gaba, abin harbin ya ɗan yi dishi-dishi ba komai. In ka saba sai ka koma jan kunama kai tsaye, ja ɗaya mai santsi ba tsayawa ba fizga, ka sake ta ta koma gaba gaba ɗaya kafin ja na biyu. Atisaye a gida da harsashin roba na gwaji wanda ba ya tashi yana taimakawa sosai, bayan ka fitar da duk harsashin gaske daga ɗakin, amma mai cin .22 kar a riƙa harba ta ba komai, allurar na dukan bakin rami. Ban da bugun hama da tafin hannu irin na kaboyin fim, yana karya haƙoran ciki.

Kunnenka ya kasance a buɗe. In ka ji harbi ya yi ƙara 'yar ƙarama, fus, ko bai ture hannunka ba, ka tsaya cak, wataƙila dalma ta maƙale a bututu, ka zazzage ka zura sanda ka tabbatar. A libarba wannan ya fi hatsari don babu abin da zai hana ka jan kunama karo na biyu. In kuma ka ja ba ta tashi ba, ka bar bakin yana kallon gaba ka ƙirga daƙiƙa 30 kafin ka buɗe ko ka juya silinda. Wajen zazzage kwanso ka ɗaga baki sama ka danna sanda sau ɗaya, datti ya zube waje maimakon ƙarƙashin tauraro, ka rufe silinda da tafin hannu a hankali.

Masu sha'awar irin 1851 Navy, shawarata a bar ta asali ta huta a sayi kwafin da kamfanonin Italiya irin su Uberti da Pietta ke yi. Baƙin albarushi ko madadinsa kawai, ban da marar hayaƙi ko da ƙwaya ɗaya, a zuba daga ma'auni ba daga gora kai tsaye ba, dalmar ta ɗan fi ramin girma yadda in an danna za ta aske siririn zobe, hular wuta kuma ta zauna daram, wannan ne ke hana ramuka biyu uku tashi lokaci guda.

Da ka gama ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci komai saboda dalma. In baƙin albarushi ka harba, ko tsohon harsashin soja irin na Nagant mai barin gishiri a bututu, mai shi kaɗai ba ya narkar da gishirin, ruwa ne ke yi, ruwan zafi da ɗan sabulu a ranar ba gobe ba, a busar sosai sannan a bi da mai. Bayan kwana biyu ko uku ka sake zura farin tsumma a bututu da kowane rami, in ya fito da ja ka maimaita wankin, sannan ka taɓa sukurori da sandar fitar da kwanso ka ji ko girgiza ta kwance su, ka tuna ta Smith & Wesson daga wajen 1960 zarenta na hagu ne, in ka murɗa ta yadda ka saba kwance ta kake yi.